Yadda za ka kalli Madhubala fim bayan fim, har ka san ko wace ce

A cikin murfin akwatin ƙarfen Goggo, ƙanwar mahaifinmu, akwai wani hoto liƙe da ƙaro. Wata mace ce ta ɗan karkatar da kai, tana murmushin da ya fi nauyi a gefe guda na bakinta. Duk sanda Goggo ta buɗe akwatin za ta ɗauko turaren wuta ko zanen fita, sai na miƙa wuya. Ran nan na ce, "Goggo, 'yar'uwarmu ce?" Ta ce, "Madubala ke nan, 'yar nan. Allah Ya ba ta kyau, bai ba ta nisan kwana ba."

Goggo ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, don a Kanon wancan lokaci matar aure ba ta zuwa. Mijinta ne ke zuwa Palace ko Rex, in ya dawo ya zauna ya kwashe mata labarin fim tun daga rubutun farko har tashi, shi ne kuma ya sayo mata hoton. Ni sai da bidiyo ya shigo unguwarmu a Fagge na ga matar, jarumar fina-finan Indiya, tana motsi, a falon maƙwabta, mu kusan ashirin a kan tabarma biyu. Daga baya na yi karatun jinya. Yau shekarata 26 a aiki, mafi yawansu a ɗakin kwantar da yara, kuma aikin nan ne ya sauya mini idon da nake kallonta da shi.

Kwanaki 'yata ta miƙo mini waya ta ce, "Umma, kalli wata kyakkyawa." Guntun bidiyo ne na daƙiƙa 30, an cire muryarsa an ɗora wani kiɗa. Raina bai so ba. Matar da ta yi fim kusan 70, ta fara ciyar da gida tun tana shekara tara, ta yi rawa da zuciya mai huji, a ce abin da ya rage nata a hannun yaranmu shi ne "wata kyakkyawa". Sai na tsara mana kallo, fim ɗaya duk ranar Asabar bayan isha'i, bi da bi yadda shekarunta suka tafi. Tsarin ne zan ba ka.

Fara da neman kwafi mai kyau. Kamfanonin da ke riƙe da tsofaffin fina-finan Indiya sun ɗora da yawa a YouTube, amma kafin ka ƙona datarka duba tsawon fim ɗin. Na wancan zamani suna haura awa biyu, wasu har uku. In ka ga awa ɗaya da rabi, an yi masa aski, kuma waƙoƙi ake fara yankewa. Nemi mai rubutun fassara a ƙasan allo. Ina kallon Indiya-Hausa kamar kowa, amma a nan kana buƙatar muryarta ita kanta, yadda take sauke ta har ta koma raɗa, da dariyar nan da ke ƙwace mata a tsakiyar magana. Ka kashe fitila, ka samu allo da ya fi tafin hannu girma, domin fim ɗin baƙi da fari aikin haske da inuwa ne, a waya rabinsa ɓacewa yake yi. Kada ka tsallake waƙa. Ba ita ke rerawa ba, Lata Mangeshkar ce ko Asha Bhosle ko Geeta Dutt ko Shamshad Begum, ita motsa baki take yi, amma a cikin waƙar ne za ka ga mafi yawan gwanintarta.

Sannan ka ajiye takarda kusa da kai, ka rubuta 1933 a samanta. Duk fim ɗin da za ka kunna, ɗebe wannan daga shekarar fitarsa, ka san shekarun yarinyar da ke gabanka.

Sunanta na yanka Mumtaz Jehan Begum Dehlavi. An haife ta a Delhi ranar 14 ga Fabrairu 1933, ita ce ta biyar cikin 'ya'ya 11 na Ataullah Khan, mutumin ƙabilar Fatan, da matarsa Ayesha Begum. Aikin uban a kamfanin taba ya kuɓuce masa, talauci ya sauka, wasu daga cikin 'ya'yan suka rasu suna ƙanana. Ya ɗauki Mumtaz yana bin sutudiyo-sutudiyo da ita a Bombay, birnin da yau ake kira Mumbai. A 1942 ta fito a Basant na kamfanin Bombay Talkies, daga nan aka san ta da Baby Mumtaz. A watan Afrilun 1944 wani jirgin ruwa ɗauke da nakiyoyi ya fashe a tashar jiragen ruwan birnin, ya kashe ɗaruruwan mutane. Masu rubuta tarihinta sun kawo cewa ɗan gidan da suke ciki ya rushe, abin da ya tserar da su kawai sun tafi kallon silima a ranar. Mu nan mun san yarinyar da farantin tallarta ke riƙe da tukunyar gida. Riƙe wannan a ranka, domin ita ke nan har ƙarshe, farantin ne kawai ya yi girma.

Tana shekara 14 Kidar Sharma ya ba ta jaruma a Neel Kamal na 1947, tare da wani saurayi da shi ma fitowarsa ta farko ke nan a matsayin jarumi, Raj Kapoor. In ka same shi ka kalla, in ba ka samu ba wuce. Sunan Madhubala, wanda ake cewa Devika Rani ta Bombay Talkies ce ta raɗa mata, kalma biyu ce, madhu zuma, bala yarinya. Haka aka saba a lokacin: Dilip Kumar ai Muhammad Yusuf Khan ne, Meena Kumari kuma Mahjabeen Bano.

Asabar ta farko, kunna Mahal na 1949, wanda Kamal Amrohi ya ba da umarni. Ashok Kumar ya shiga wani tsohon gida, ya tarar da zanen mutum mai kama da shi sak a bango, da dare kuma ya riƙa jin waƙar wata mace, ya hango ta a kan lilo, kafin ya ƙarasa lilon na kaɗawa babu kowa. Ba zan faɗa maka ko aljana ce ko mutum ba. Abin lura shi ne yadda take tsayuwa. Shekararta 16, amma ta gane cewa in fuska ta yi shiru kyamara ce ke matsowa. Mai ɗaukar hoton Bajamushe ne, Josef Wirsching, ya kan haska rabin fuskarta ya bar rabi cikin duhu. Waƙar da ke yawo a fim ɗin, Aayega Aanewala, ita ta fito da Lata Mangeshkar sarari, ko da yake a faifan farko ba sunanta aka rubuta ba, sunan Kamini aka sa, wato matar da Madhubala ta fito a matsayinta. Dare ɗaya, mata biyu suka tashi daga fim ɗin nan.

Asabar ta biyu Tarana na 1951, haɗuwarta ta farko da Dilip Kumar a allo. Shi likita ne da jirgin sama ya faɗi da shi kusa da wani ƙauye, ita 'yar ƙauyen. Labarin ba wani mai zurfi ba ne, ni ma ba don shi nake komawa ba. Ka kalli idonta lokacin da shi ke magana. A wajen ɗaukar fim ɗin nan soyayyarsu ta gaske ta fara, ta ɗauki shekaru. Fim huɗu suka yi tare, wannan, da Sangdil, da Amar, da na ƙarshe da za mu je gare shi. A shekarar ne mai ɗaukar hoto na mujallar Life, James Burke, ya yi mata hotunan da har yau ake yaɗawa, a 1952 kuma mujallar Theatre Arts ta Amurka ta kira ta tauraruwa mafi girma a duniya.

Kafin Asabar ta uku ka dakata, ka bar ni na yi maka bayanin aikina, domin in ba ka fahimci wannan ba sauran kallon banza ne.

A 1954 tana Madras, Chennai ta yanzu, ana ɗaukar Bahut Din Huwe, sai ta yi aman jini. Aka gano huji a zuciyarta, wanda da shi aka haife ta. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, tsakanin na ƙasan akwai bango. Ɗakin dama na tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu na tura wanda ya sha iska zuwa sauran jiki. In akwai ƙaramin huji a bangon, sau da yawa yana toshewa da kansa yaro na girma. In babba ne, na hagu ya fi ƙarfi, sai jini ya riƙa tsallakawa dama yana komawa huhu. Huhu ya yi ta karɓar kayan da suka fi ƙarfinsa shekara da shekaru, har jijiyoyinsa su yi kauri su tsuke. Daga nan sai hanya ta juya, jinin da bai sha iska ba ya fara shiga jiki. Leɓe da farce su yi duhu, hawa matakala ya zama aiki, a yi tari a ga jini, jiki kuma ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓi har jinin ya yi kauri. In an kai nan, ɗinke hujin ba ya yiwuwa. A shekarar 1954 ɗin nan ce dai wani likita a Minnesota ta Amurka, Walton Lillehei, ya fara ɗinke irin wannan huji a zuciyar yara. Maganin kansa bai wuce matakin jariri ba, ita kuma tana shekara 21. Duk sanda na tuna haɗuwar shekarun nan biyu sai jikina ya yi sanyi. Na riƙe yara da yawa masu wannan ciwo, jariri ya kama nono ya saki yana haki, gumi a goshi, ba ya ƙiba. Uwar da ta ga haka ta nemi a yi wa ɗanta hoton zuciya da wuri, yanzu ana yin aikin kuma ana warkewa.

To, da wannan sanin za ka kunna Mr. & Mrs. '55 na Guru Dutt. Ita Anita ce, 'yar masu kuɗi da dole ta yi aure cikin ƙayyadadden lokaci kafin ta ci gadon mahaifinta, goggonta mai ƙin maza ta ɗauko wani matalauci mai zanen barkwanci a yi auren wucin gadi. Fim ɗin dariya ne. Shekara guda bayan aman jini, ga ta tana tsalle, tana murguɗa baki, tana gudu. Kada ka zauna neman alamar ciwo a jikinta, ba za ka gani ba, ta ɓoye shi shekaru. Ka lura da lokacinta, yadda take jinkirta amsa da ƙiftawar ido ɗaya kafin ta jefa ta. A ganina sa mutane dariya ya fi sa su kuka wuya, kuma a nan ne masu cewa kyau kawai gare ta suke rasa bakin magana.

Tsakanin wannan da na gaba akwai shari'ar da ta raba ta da Dilip Kumar. B. R. Chopra ya ɗauke su su biyu a Naya Daur, aka fara aiki, da aka zo tafiya ɗaukar waje a yankin Bhopal sai mahaifinta ya hana. Chopra ya sauya ta da Vyjayanthimala, magana ta kai kotu, Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Fim ɗin ya fita a 1957 babu ita. In za ka karanta labarin nan, ji daga baki biyu. Dilip Kumar a littafin tarihin rayuwarsa na 2014 ya ce uban ya so mayar da auren harkar kasuwanci, ya ɗaure su su biyu a kamfaninsa. Ƙanwarta Madhur Bhushan kuwa cewa ta yi abin da Madhubala ta nema kawai shi ne ya je ya ba mahaifinta haƙuri, ya ƙi. Ni na fi tsayawa a kan ita da ke tsakiya, uba a hannun dama, masoyi a hannun hagu, kowa na jiran ta zaɓa. Mahaifin ya tsare ta ƙwarai, da wuya a gan ta a liyafa ko bikin buɗe fim, daga sutudiyo sai gida. Ina ganin tsoron ciwonta a ciki, ina kuma ganin tsoron rasa mai ciyarwa. Duka biyun na iya zama a zuciyar uba ɗaya.

1958 shekararta ce, fina-finanta suka yi ta cin kasuwa. Ba wa biyu Asabar ɗai-ɗai. A Howrah Bridge ita Edna ce, mai rawa a wani kulob a Kalkata, kuma waƙar Aaiye Meherbaan da Asha Bhosle ta rera ita ce guntun da yara ke yawo da shi a waya. Kalle ta a mazauninta cikin fim, za ka ga rawar kusan duk da gira da kafaɗa aka yi ta. Sai Chalti Ka Naam Gaadi, inda 'yan'uwa uku na gaske, Ashok da Anoop da Kishore Kumar, suka fito a matsayin makanikai masu gareji. Motarta ta mutu cikin ruwan sama da dare, ta shigo a jiƙe, aka gyara, ta tafi ba ta biya kuɗin gyaran ba, rufi biyar da anna 12 a kuɗin Indiya na lokacin. Wannan ne za ka kalla da yara da kowa. A gidanmu sau uku aka maimaita shi.

Asabar ta shida, Mughal-e-Azam. Ka fara da wuri, ya haura awa uku.

K. Asif ya soma shirin fim ɗin tun shekarun 1940 da wasu 'yan wasa daban, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsayar da shi, ya sake ɗaura ɗamara a farkon shekarun 1950, bai fita ba sai 5 ga Agusta 1960. Prithviraj Kapoor ne Sarki Akbar, Dilip Kumar ne Yarima Salim wanda tarihi ya sani da Jahangir, Madhubala ce baiwa Anarkali, ma'ana furen rumman. Akbar da Salim mutanen tarihi ne, labarin Anarkali kuwa hikaya ce da aka gina a kan wasan kwaikwayon Imtiaz Ali Taj. Akwai kwafi biyu, na asali da wanda aka yi wa kala a 2004. Nemi na asali tukuna. Baƙi da fari ne, sai an zo fadar madubai kala ta buɗe maka ba zato, kamar yadda ta buɗe wa mutanen 1960.

Buɗe kunnenka da kyau. Harshen fim ɗin Urdu ne na fada, cike da Larabci da Farisanci, kunnen Bahaushe zai yi ta tsintar nasa: duniya, hukum, adalat, kalam, muhabbat. Goggo da ba ta yi boko ba takan ce rabin Indiyanci ai Larabcin makarantar allo ne.

Shigowarta ta farko a matsayin gunki ce, an tsayar da ita cik a lulluɓe, Yarima ya harba kibiya don yaye lulluɓin, ba ta motsa ba. Ka tuna yarinyar Mahal mai iya tsayuwa, ga inda ta kai. Sai daren da Salim ke shafa fuskarta da gashin tsuntsu, muryar Bade Ghulam Ali Khan na tashi daga nesa. Dilip Kumar da kansa ya rubuta cewa a lokacin da aka ɗauki wannan ko gaisuwa ba sa yi. Kalle shi sau biyu, na farko ba tare da tunanin haka ba, na biyu da shi. Sai fadar madubai, inda take rawa gaban sarki tana cewa wanda ya yi so mene ne abin tsoro, Naushad ya yi kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta, Lata ta rera, siffarta ta watsu a ƙananan madubai ba adadi, idon Akbar ya kaɗa ya yi ja.

Amma ni inda nake tsayawa kurkuku ne. K. Asif bai yarda da sarƙar wasa ba, ta ƙarfe ta gaske aka ɗaura mata, ta ja ta har fatarta ta kurje. Mu a asibiti mai irin ciwonta ko bokitin ruwa hana shi ɗauka muke yi. A cikin sarƙar nan take rera Bekas Pe Karam Kijiye, waƙar da ke kiran Shugaban Madina, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar da muka kalla da 'yata, a nan ta ce, "Umma, dakata," ta ɗauki takardar nan ta yi lissafi, ta ga matar ba ta wuce shekara 27 ba sanda fim ɗin ya fita.

An kai faifan fim ɗin gidan silima na Maratha Mandir a kan giwa, ya riƙe kambun kawo kuɗi shekara 15 har zuwan Sholay. Kyautar Filmfare ta gwarzuwar jaruma kuwa Bina Rai aka ba a Ghunghat. Madhubala ba ta taɓa samun ta ba, kuma har yau ina ganin an yi mata ƙwange.

Sauran labarin gajere ne. A 1960 ta auri Kishore Kumar, suka tafi Landan ganin likitoci, suka ce aiki ba zai yiwu ba. Jhumroo ya fita a 1961, Half Ticket a 1962, jiki na ja da baya. Ta yi yunƙurin dawowa a Chalaak tare da Raj Kapoor, ba a gama shi ba. Ƙanwarta ta ba da labarin shekarun kwanciya, jini na zuba ta hanci da baki, likita na zuwa gida yana rage mata jini, daidai abin da na bayyana maka a sama. Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu 1969, kwana tara bayan cikarta shekara 36, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Juhu a Bombay. Allah Ya jiƙanta. Jwala, fim ɗinta mai kala daga farko har ƙarshe, sai 1971 ya fita, a 2008 kuma hukumar gidan waya ta Indiya ta buga kan sarki da hotonta.

Kada ka rufe kallon a kan sarƙa. Asabar ta bakwai sa Barsaat Ki Raat, shi ma na 1960, ita da Bharat Bhushan, shi mawaƙi ne da ake jin muryarsa a rediyo, ita 'yar babban ɗan sanda. Akwai gasar ƙawali a ciki, irin waƙar majalisin Sufayen Indiya da Pakistan, wanda ya taɓa zama inda ake bandiri zai ji ta kusa da shi. Ka tabbatar akwai caji ko mai a inji kafin ka kunna, domin ƙawalin ƙarshe ya haura minti goma, kuma ba a katse shi a tsakiya.